'Yan Bakan Ingila da Baraden Faransa

Yaƙin da aka gwabza tsakanin Ingila da Faransa daga 1337 zuwa 1453 ana kiransa Yaƙin Shekara Ɗari, ko da yake mai lissafi zai ga 116 ne, kuma ba kullum ake bakin daga ba, akan yi sulhu na wasu shekaru sannan a koma. Tushen rigimar gadon sarauta ne. Sarkin Faransa Charles na Huɗu ya mutu a 1328 bai bar ɗa namiji ba, manyan ƙasa suka naɗa ɗan baffansa Philip na Shida. Shi kuwa Sarkin Ingila Edward na Uku ya ce ai mahaifiyarsa Isabella da mamacin uba ɗaya suke, don haka babu wanda ya fi shi kusa da kujerar. Ga kuma tsohuwar gaba a kan yankin Gascony, wanda sarakunan Ingila ke riƙe da shi a cikin ƙasar Faransa.

Duk wanda ya dubi ƙasashen biyu a lokacin zai ce Edward ya ɗebo ruwan dafa kansa. Faransa ta ninka Ingila a yawan jama'a sau uku ko fiye, ta fi ta arziki, baradenta kuma su ne abin kwatance a duk Turai. Amma sau uku ana haɗuwa a manyan fagage, a Crecy, da Poitiers, da Agincourt, baraden nan suna kwasar kashinsu a hannu. Waɗanda suka yi musu wannan aika-aika yawancinsu manoma ne da masu sana'a daga ƙauyukan Ingila da Wales, kowanne riƙe da sanda guda ɗaya mai tsirkiya.

Mu nan idan an ce baka, abin da ke zuwa rai shi ne gajeren bakan maharba da siririyar kibiya mai dafi, wadda ko ƙwarzane ta yi ta gama aiki. Turawan Ingila ba da dafi suke yaƙi ba. Kibiyarsu sai ta huda sulke ta shiga jiki, ko ta kayar da doki, kafin a ce ta yi amfani, kuma wannan ne ya sa komai na bakansu ya zama mai nauyi. Tsawonsa yakan kai mita 1.8 zuwa 2, ya fi tsayin yawancin masu riƙe shi. Ba a haɗa shi da jijiya da ƙaho kamar bakan Turkawa. Itace ne zalla, in ban da ɗan ƙahon da ake sakawa a kowane tsini don riƙe tsirkiya.

Hikimar tana farawa ne daga zaɓen itacen. Wanda aka fi so shi ne yu, wata bishiyar ƙasashen sanyi mai jinkirin girma. Idan aka tsaga gungumenta za a ga launi biyu, fari-fari daf da ɓawo, da ja mai duhu can ciki. Farin yana jure miƙewa, jan kuma yana jure matsewa. To idan aka ja baka, bayansa da ke kallon abokan gaba miƙewa yake yi, cikinsa da ke kallon maharbi kuma matsewa. Sai gwanin masassaƙi ya tsaga itacen yadda siririn farin zai kwanta a baya, jan ya zauna a ciki, kowanne a inda Allah ya ba shi ƙarfi. Abin da wasu al'ummu suka yi ta wahalar samu ta hanyar manna abu uku da danƙo, su sun gano shi a shirye cikin gungume ɗaya.

Yu ɗin da ke tsirowa a Ingila yakan yi murɗe-murɗe da ƙulli, saboda haka mai kyau daga waje ake sayo shi, daga Sifaniya da Italiya da tsaunukan tsakiyar Turai, inda bishiya ke girma a hankali naman itacen ya tsuke. Buƙatar ta yi yawa har a 1472 aka kafa doka cewa fataken da ke zuwa daga ƙasashen da ake samun itacen sai sun haɗo da sandunan baka huɗu a kan kowane tan na hajarsu. Sandar kan yi shekaru a ajiye tana bushewa kafin wuƙa ta taɓa ta. Daga nan sai aikin haƙuri. Masassaƙi ba ya bin layi madaidaici, naman itacen yake bi duk inda ya karkata, inda kuma ya ci karo da ƙulli sai ya bar masa ɗan tudu don kada wurin ya zama mafarin karaya. Ya ɗora bakan a kan wani katako mai gaɓa-gaɓa, ya ja tsirkiya kaɗan, ya koma baya ya ƙare wa lanƙwasar kallo, ya kankare inda ya yi tauri, ya sake ja. Haka zai yi ta yi har hannuwan bakan biyu su lanƙwasa daidai da juna. Kankara ɗaya ta wuce gona da iri, an yi asarar itacen da ya ƙetaro teku. Shi ya sa a 1371 masu sassaƙa baka na Landan suka nemi a hana aikin dare, don bakan da aka yi a hasken kyandir ba abin da za a miƙa wa mai zuwa yaƙi ba ne. A shekarar ne kuma aka raba sana'arsu da ta masu yin kibiya, kowa ya tsaya a tasa.

Shekaru aru-aru masana suna gardama a kan ƙarfin wannan baka, saboda itace ba ya jimirin zamani, kusan babu wanda ya rage. Teku ce ta raba gardamar. Jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas mai suna Mary Rose ya nutse kusa da Portsmouth a 1545, laka ta lulluɓe shi, aka ɗago shi a 1982. A cikinsa aka samu bakuna 137 lafiyayyu da kibau fiye da 3,500. An yi fiye da shekara 90 da gama yaƙin kafin jirgin ya nutse, amma irin bakan bai canja ba. Da aka auna su aka sassaƙa kwatankwacinsu, sai aka ga jan tsirkiyarsu yana buƙatar ƙarfin kilo 45 zuwa kusan 80. Bakan masu gasar Olamfik na yau bai cika wuce kilo 25 ba. Mai karatu ya tuna nauyin buhun siminti, kilo 50, sannan ya ɗauka da yatsu uku zai jawo shi zuwa kunnensa, ya saki, ya sake jawowa, har kwari ya ƙare.

Ƙasusuwan mutanen da suka nutse da jirgin su ma sun ba da labari. An ga wasu da ƙashin hannu ya yi kauri, an ga wasu da wani ɗan ƙashi a saman kafaɗa wanda ya kamata ya haɗe da uwarsa idan mutum ya gama girma, amma bai haɗe ba. Masu binciken suna danganta wannan da jan baka mai nauyi tun ƙuruciya. Sana'ar ta sassaƙa jikin mai ita kamar yadda aka sassaƙa itacen.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sarakunan Ingila sun san haka. Yaro kan fara da ɗan ƙaramin baka, yana girma ana sauya masa wanda ya fi. Wani babban limamin coci, Hugh Latimer, ɗan manomi, ya ba da labari a wani wa'azi da ya yi gaban sarki a 1549 cewa haka mahaifinsa ya riƙa saya masa baka gwargwadon shekarunsa, yana koya masa ya sa dukan jikinsa cikin bakan maimakon dogaro da ƙarfin damtse. A 1363 Edward na Uku ya ba da umarni duk namiji mai lafiya ya riƙa koyon harbi a ranakun hutu da na bukukuwan addini, ya kuma haramta wasannin da ke ɗauke hankalin samari, har da ƙwallon ƙafa da faɗan zakaru, da barazanar ɗauri. Ƙasar da a yau duniya ke kwana kallon ƙwallonta, akwai lokacin da buga ƙwallo a cikinta zai iya kai mutum gidan kaso don ya bar bakansa a rataye. A gefen ƙauyuka akan tara tudun ƙasa a riƙa auna shi, tsofaffi suna gyara wa yara tsayuwa.

Harbin kansa abin kallo ne. Maharbi yakan tsaya a karkace, kafaɗar hagu tana fuskantar abin harbi. Ya ɗana kibiya, ya kama tsirkiya da yatsu uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa. Babu damtsen da zai iya jan kilo 60 shi kaɗai sau da yawa, saboda haka hannun hagu tura bakan yake yi gaba yayin da na dama ke ja, ƙirji ya buɗe, allunan kafaɗa su matso juna, gadon baya da cinyoyi su ɗauki nauyin. Tsirkiya ba a gaban ido take tsayawa ba, har kunne take kaiwa. Wannan na nufin babu damar leƙa jikin kibiya a saita ta kamar bindiga. Ido yana kan abin da ake so a harba, hannu kuma ya san inda zai tsaya saboda ya yi haka sau dubbai. Ba a kuma riƙewa a tsaya tunani. Da zarar an kai ƙarshen ja sai saki, domin jiki ba zai jure ba, itacen ma idan ya daɗe a lanƙwashe ƙarfinsa raguwa yake yi, wani lokaci ya tarwatse a hannu. Gwani yana iya kai kibiyar yaƙi mita 200 da ɗoriya. Yana ɗaure da 'yar fata a gaɓar hannun hagu saboda dukan tsirkiya, ita kuma tsirkiyar, wadda ake tufkawa da zaren wata irin rama ko lilin a shafe ta da kakin zuma, ba a barinta ɗame sai za a yi aiki.

Kibiyar ma ba a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tsawonta kamar santimita 76, kaurinta ya kusa na ɗan yatsa, an ɗaura mata gashin dinya uku a gindi. Dole taurinta ya dace da ƙarfin bakan, domin lokacin saki lanƙwasa take yi ta kewaye jikin bakan kafin ta miƙe. Idan ta yi laushi ta kauce ko ta karye, idan ta yi tauri ta kauce ta ɗaya gefen. Maƙera suna ƙera kai iri-iri: siriri mai tsini don ratsa zobban sulke, da faffaɗa mai kunnuwa don dawakai. Ana ɗaure su dami-dami, 24 a kowane dami. A fagen fama maharbi kan kakkafe su a ƙasa a gabansa don hannu ya riƙa tsinta da sauri. Yi lissafi: mutum 5,000, kowa yana sakin shida a minti ɗaya, kibau 30,000 ke nan. Dami biyu ba za su wuce minti takwas ba. Don haka bayan kowane ɗan baka akwai masu sare itace, da maƙera, da masu tufka, da amalanke cike da ganguna na kibau. A 1417 Sarkin Ingila Henry na Biyar ya aika wa hakiman gundumomi cewa a fige gashi shida daga fiffiken kowace dinya a tura Landan. Har tsuntsayen gida sai da suka ba da gudummawar yaƙi.

Aiki ne mai tsoka. Ɗan baka mai doki yana karɓar kwabo shida a rana, rabin abin da ake ba barde mai cikakken sulke, kuma ya kai ko ya fi abin da ƙwararren mai sana'a ke samu, ban da ganima. Dokin na tafiya ne kawai. Idan an zo faɗa sauka yake yi.

Yadda ake jera su kuwa a yaƙe-yaƙen Sikotlan aka koya. Bayan kashin da baraden Ingila suka sha a Bannockburn a 1314, sai aka sauya dabara: barade su sauka daga dawakai su tsaya da ƙafa a tsakiya, 'yan baka a fukafukai, a zaɓi wuri mai kyau a jira abokin gaba ya kawo kansa. An gwada a Halidon Hill a 1333 ta yi aiki. Ita Edward ya kai Crecy ranar 26 ga Agusta, 1346. Ya kama gangaren tudu, ya huta da mutanensa. Faransawa suka iso da yamma a gajiye, suka tura sojojin hayarsu na Genoa gaba, masu baka mai kunama. Wannan makami yana da ƙarfi kuma yana da sauƙin koyo, amma ɗana shi yana cin lokaci, mai shi kuma yana buƙatar babbar garkuwar da zai laɓe a bayanta. Garkuwoyin suna can baya cikin kaya. An kuma yi ruwa, har wani marubucin Faransa na zamanin ya ce Turawan Ingila sun cire tsirkiyoyinsu sun ɓoye a ƙarƙashin kwalkwali. Mutanen Genoa ba su daɗe ba suka juya, baraden Faransa suka bi ta kansu da dawakai suna zarginsu da tsoro, suka yi ta kai hari tudun har dare. Washegari aka ƙirga gawar manya da barade fiye da 1,500, cikinsu har da makahon Sarkin Bohemia, John. Bayan shekara goma, a Poitiers, da kibau suka kasa ratsa sulken gaban dawakai, sai aka zagaya da 'yan baka gefe suka riƙa harbin cinyoyinsu. A ranar aka kama Sarkin Faransa John na Biyu da ransa.

Agincourt ce ta fi shahara, kuma ita ta fi nuna cewa mutanen nan sun san aikinsu. Henry na Biyar ya ci garin Harfleur a Satumban 1415, amma atini ya yi wa rundunarsa ɓarna. Ya nufi garin Calais, wanda ke hannun Ingila, da waɗanda suka rage, Faransawa suka tare mashigan kogin Somme, aka yi fiye da mako biyu ana tafiya cikin ruwan sama da ƙarancin abinci. A hanya ya umarci kowane ɗan baka ya sari turke mai tsawon mutum ya fiƙe shi gaba da baya. Ranar 25 ga Oktoba aka tsaya a wata gona da ba a daɗe da huɗa ta ba, tsakanin dazuzzuka biyu, ruwa ya mai da ita caɓi. 'Yan baka tsakanin 5,000 da 7,000 ne, su ne mafi yawan rundunar, ƙarƙashin wani dattijo Thomas Erpingham. Faransawa sun fi su yawa, amma suka ƙi motsi, sa'o'i suna wucewa. Sai Henry ya yi kasada: aka tumɓuke turaku, aka matsa gaba a idon abokan gaba, aka sake kafa su a inda kibiya za ta kai, aka buɗe harbi. Da mahayan Faransa sun afka musu a daidai lokacin da turakun ke kafaɗa, da labarin ya sha bamban.

Da suka taso a makare, dawakai suka tarar da tsinin turaku da ruwan kibau, suka juya a haukace suka ratsa cikin nasu mutanen. Sauran baraden suka taho da ƙafa, kowa ɗauke da ƙarfe mai nauyi, laka tana riƙe ƙafa, murfin kwalkwali a rufe, kai a sunkuye don kada kibiya ta shiga ta ramin ido. Harbi daga gefe biyu ya sa suka yi ta matsowa tsakiya har wani bai iya ɗaga takobinsa. Wanda ya faɗi ba ya tashi. Da kibau suka ƙare, 'yan baka suka ajiye bakuna suka fito da gatura da takubba da gudumomin da suka kafa turaku da su, marasa nauyi a jiki, suka shiga cikinsu. An ƙiyasta Faransawa kusan 6,000 suka mutu, har da babban kwamandansu Charles d'Albret. Ranar tana da nata tabon, domin Henry, da ya ji tsoron sabon hari, ya sa aka karkashe fursunoni da yawa, kuma 'yan baka aka ba aikin.

A nan ya kamata a rage gishiri. Masu yabon baka sukan ce kibiyarsa tana huda kowane sulke, gwaje-gwajen zamani kuwa sun nuna farantin ƙarfe mai kyau irin na 1415 yakan mai da ita, musamman a ƙirji. Amma ba kowa ke da mai kyau ba, ga fuska, ga hammata, ga gaɓoɓi, ga doki. A ganina wannan ƙara wa 'yan bakan daraja yake yi. Makamin da ke ratsa komai ba ya buƙatar gwani. Su kuwa sai da suka san inda za su tsaya, da lokacin da za su saki, da yadda za su kora mayaƙan da suka fi su kayan yaƙi zuwa inda ake so su taru, su iso a gajiye.

Raunin dabarar shi ne tana son lokaci da wuri. A Patay, ranar 18 ga Yuni, 1429, bayan wata budurwa Bafaranshiya, Joan ta Arc, ta taimaka an ceci birnin Orleans, mahayan Faransa sun cim ma 'yan bakan Ingila kafin su gama kafa turaku. Marubutan zamanin sun ce wata barewa ce ta ratsa ta inda suke ɓoye, suka yi mata ihu irin na mafarauta, suka tona kansu. Aka tattake su, kusan 2,000 suka mutu, kuma irin waɗannan mutane ba a samun madadinsu a shekara ɗaya. Sarkin Faransa Charles na Bakwai ya kafa nasa 'yan baka a 1448, kowace unguwar coci ta ba da mutum guda a yafe masa haraji, amma ba su kamo na Ingila ba. Abin da ya fisshe shi igwa ce. A Formigny a 1450 igwa biyu suka riƙa dukan 'yan baka daga inda kibiya ba ta kaiwa har suka bar wurinsu. A Castillon a 1453 mai kula da igwoyin Faransa, Jean Bureau, ya haƙa ramuka ya jera igwoyi ya jira, wannan karon Turawan Ingila ne suka kawo kansu, jagoransu John Talbot ya mutu a wurin. Calais kaɗai ta rage musu, ita ma ta tafi a 1558.

Bindigogin farko ba su kai baka saurin harbi ba, ba su kuma kai shi samun abin da aka auna ba. Fifikonsu ɗaya ne: a cikin 'yan makonni za a koya wa kowane ƙato ɗura albarushi, ko yana jin yunwa ko yana fama da ciwo harsashinsa ƙarfi ɗaya ne, shi kuwa ɗan baka sai an raine shi shekara goma ko fiye, kuma ranar da jikinsa ya yi rauni kibiyarsa ma ta yi. Sarakuna sun ci gaba da kafa dokokin tilasta harbi, ƙauyuka suna ci gaba da yin watsi da su. A 1595 majalisar Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ba da umarni a daina karɓar baka a matsayin makami a rundunonin da ake horarwa, a maye gurbinsa da bindiga.